Masassaƙan Yamai da Abin da Suke Nema a Aikinsu

Sassaƙa a birnin Yamai sana'a ce mai rassa da yawa, kuma masu yin ta ba bakinsu ɗaya ba a kan abin da ake nema a cikinta. Akwai mai fafe turmi da akushi, akwai mai zubin tagulla, akwai maƙerin azurfa, akwai mai goge dutsen Ayar ya fitar da raƙumi, akwai kuma matashin da ke tattara tarkacen babur ya haɗa da walda har ya tsayar da siffar mutum. Ba kasafai ake samun wanda ya zauna ya rubuta manufarsa a takarda ba, yadda takwarorinsu na Turai suka saba. Wannan ya sa wasu baƙi suke ɗauka cewa hannu ne kawai ke aiki, babu tunani a bayansa. Kuskure ne. Tunanin yana nan, sai dai ana tsintarsa ne a cikin abin da masassaƙi ya yarda ya yi da abin da ya ƙi, da irin aikin da yake yabawa in ya fito daga hannun wani, da wanda yake ce wa yaronsa ya mayar wuta a sake.

Gadon da zarensa ya tsinke

Sassaƙa mafi tsufa da ta yi suna a ƙasar Nijar tana jikin wani falalen dutse a Dabus, arewa da Agadas. Raƙuman dawa ne guda biyu, babban ya haura mita 5, kuma masana suna ba su shekara dubu 6 zuwa dubu 8. Wanda ya yi su bai tsaya ga jan layi ba. Ya kankare dutsen, ya goge shi, ya zurfafa tsagi a kewayen kowane ɗigon fatar dabbar har jikin ya taso. A 1999 aka kwafi siffarsu, daga baya aka zuba ta da sanholo aka kafa a filin jirgin saman Agadas.

Gadon da ya fi kusa da Yamai shi ne na Bura, a yankin Tera, yamma da kogin Isa. A 1975 aka yi kiciɓis da wurin, a 1983 kuma Bube Gado na cibiyar bincike ta IRSH da ke Yamai ya jagoranci haƙa shi. An tarar da maƙabarta mai tuluna na gasasshen yumɓu fiye da 600, an kife su, da yawansu da kan mutum a bisa, waɗansu da mahayi a kan doki. An ƙiyasta cewa mutanen sun rayu daga wajen ƙarni na 3 zuwa bayan ƙarni na 10. Kawunan Bura shafaffu ne, hancin ɗan tudu ne dogo, idanu da baki ƴan tsaga. Inda maginin ya ɓata lokacinsa shi ne tsagar fuska da kitso da mundaye. Fitaccen mahayin nan na Bura hannunsa cike yake da su. Ga alama abin da ya dame shi shi ne a gane mamacin ɗan wane gida ne, mene ne matsayinsa a cikin jama'a, fiye da a gane kamannin fuskarsa.

Bayan baje kolin kayan tarihin kwarin kogin da aka buɗe a Paris a 1993, kayan Bura suka yi kasuwa a Turai, masu haƙar sata suka yi wa wuraren kaca-kaca, har hukumar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa su cikin jerin kayan da ta yi gargaɗi a kan cinikinsu a shekara ta 2000. Babu masassaƙin Yamai da ya gaji Bura daga kakansa. Wanda ya san ta a yau a ɗakin ajiya ya gan ta, ko a hoto, ko a bakin dillalin da ya zo neman a yi masa irinta a turbuɗe a ƙasa ta yi kamar tsohuwa.

Ma'aunin masu turmi

Abin da masassaƙi Bahaushe ko Bazabarme ya karɓa hannu da hannu daga ubansa shi ne kayan amfani: turmi da taɓarya, akushi, muciya, kujerar mata, allo, ƙota, sirdi, a bakin kogi kuma jirgi. Kayan aikinsa ba su da yawa, gatari ne da gizago da wuƙa da magagari. A wannan sana'a aka gina ma'aunin kyau da har yanzu yake aiki a kan kowa, har da waɗanda suka bar turmi suka koma siffofi.

Abu na farko shi ne aiki ya zauna. Turmin da ke rawa in an sa masa taɓarya bai yi ba, ko da an yi masa ado har gindi. Sai kauri ya daidaita ta kowane gefe, abin da masassaƙi ke aunawa da tafin hannu da kuma ƙarar da itacen ke yi in ya ƙwanƙwasa. Sai tsabtar aiki, wato kada a ga inda gizago ya zame ya ci wurin da ba a aike shi ba. Ado, ko na ƙuna da ƙarfe mai zafi ko na tsagi, a ƙarshe yake zuwa, kuma masu sana'a sukan zargi adon da ya yi yawa da cewa wani aibi yake rufewa. In aka ce hannun yaro ya faɗa, ana nufin ya kai inda zai yi turmi goma su fito kamar uwa ɗaya ta haife su. Iya maimaita abu daidai shi ne shaidar gwaninta a nan, kuma shi ne daidai abin da tunanin fasahar zamani zai zo ya raina daga baya.

Sai sanin itace. Ƙirya ake nema don turmi saboda taurinta, aduwa don allo saboda santsinta da jure wanki, kanya da maɗaci don aikin da ake son ya ɗauki sheƙi. Masassaƙi yakan juya gungume ya duba inda reshe ya taɓa fita, inda gara ta shiga, inda zai tsage in iskar hunturu ta buso. Ɗanyen itace ya fi daɗin sara amma shi ne mai tsagewa, don haka ake shanya aikin a inuwa ana shafa masa mai. Masassaƙa a ƙasashe da dama sukan ce itacen ne ke faɗin abin da zai zama. A Yamai wannan magana tana da gindi a aljihu. Manyan itatuwa sun yi ƙaranci a kewayen birnin, sai an nausa wajen Torodi, Say ko Gaya, dokar gandun daji kuma ta hana saran wasu sai da izini. Wanda ya sayi gungume da tsada ba ya zubar da karkataccen reshe, sai ya mai da shi wuyan raƙumin dawa ko hannun mai daka.

Akwai siffa guda ta mai rai da wannan tsohuwar sana'a ta daɗe tana yi, wato kan burtu na maharba. Itace ake sassaƙawa da lanƙwasar wuyan tsuntsun da dogon bakinsa, a rufe shi da fata, wani lokaci a liƙa masa ƴaƴan idon zakara. Maharbi ya ɗaura a goshi, ya durƙusa cikin ciyawa yana sunkuyar da kai yana ɗagawa yadda burtu ke kiwo. Alƙalin wannan aiki barewa ce: in ta ci gaba da cin ciyawarta har maharbi ya matso, sassaƙa ta yi kyau. Shi ya sa mai yin sa ba ya wahalar da kansa da gashin tsuntsu ɗaya-ɗaya. Abin da ake hanga daga nesa yake bi, tsayin wuya da yadda baki ya rataya. Masu tara kayan fasaha a Turai suna yaba kan burtu saboda an rage komai an bar ainihin tsuntsun, amma neman nama ne ya kai mai shi ga wannan basira.

Maƙeran Buzaye, waɗanda a al'adarsu jinsi ne na daban, mazansu na aikin ƙarfe da itace da dutse, matansu na aikin fata, sun zo da nasu ma'aunin. Sirdin raƙumi, dirkokin tanti, cokali da kayan azurfa duk tsagi ne na layi da kusurwa, kuma ido yana fara neman ko dama ta yi daidai da hagu.

Inuwa da rai

Mafi yawan mutanen Yamai Musulmi ne, haka ma masassaƙanta, kuma babu wanda ya kama siffar mai rai bai ji an tuna masa hadisan da suka yi kashedi ga masu yin sura ba, cewa ranar alƙiyama za a nemi su busa rai a abin da suka siffanta. Akwai kuma ruwayar wani mai wannan sana'a da ya je wa Abdullahi ɗan Abbas da tambaya, ya ba shi shawara in ya zama dole ya riƙa yin itatuwa da abin da ba shi da rai. Malaman Malikiyya, mazhabar da aka fi bi a ƙasar, sun yi wa mas'alar rabe-rabe. Abin da suka fi tsanantawa shi ne siffar mutum ko dabba mai jiki, wadda take da inuwa, kuma cikakkiya, ba a rage mata wata gaɓar da ba a rayuwa in babu ita ba. Zanen da ke shafe a bango ko takarda hukuncinsa ya fi sauƙi, an kuma keɓe ƴar tsanar da yara mata ke wasa da ita. Ke nan sassaƙar siffa ce ta faɗa daidai inda aka fi tsanantawa, mai zane kuwa yana da ɗan sarari.

Masassaƙa ba su ɗauki lamarin iri ɗaya ba. Wasu sun tsaya ga abin da babu saɓani a kansa: ƙofofi masu tsagi, kujeru, akwatuna, taswirar Nijar, rubutun ayoyi a katako. Wasu suna kafa hujja da niyya, suna cewa gunkin bauta aka hana, kuma babu mai yi wa raƙumin tagulla sujada. Su abinci suke nema wa iyali. Wasu kuma suna yi ne zuciya ba ta kwanta ba, sai shekaru su ja ko mutum ya sauke farali, ya bar wa yara siffofi ya koma cinikin azurfa. Tun da wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ya bazu zuwa Maraɗi da Yamai, maganar ta ƙara zafi a unguwanni. Hadisin da ke cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da sura ya isa ya sa mutum ya bar aikinsa a rumfa, kada ya kai shi ɗakin kwana.

Wannan taka-tsantsan ya bar alama a jikin aikin kansa. Mutum-mutumin da ba shi da ido ko baki, mace mai tulu da aka miƙar siririya har ta kusa zama sanda, mahayin da rawani ya rufe wa fuska, duk hanyoyi ne na nuna mutum ba tare da an yi da'awar kwaikwayon halitta ba. Amma bai kamata a ɗora wa addini komai ba. Fuska ita ce mafi wuyar sassaƙa, baƙo mai saye kuma yana son siririyar siffa don ta fi shiga jaka. Sau da yawa dalilan sukan cakuɗe a aiki ɗaya har mai shi ba zai iya raba su ba.

Inda sha'awar siffanta abu ta fi samun sakewa shi ne jikin gini. Zayyanar da ke fuskar gidajen unguwar Birni a Damagaram sassaƙa ce da laka. Falke Barmu, magini kuma manomi, ya fara masallacin Juma'a na Yama a jihar Tawa a 1962, daga 1975 ya shiga ƙara masa hasumiyoyi huɗu, kowace da tata siffar, aikin da ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Mutumin da ya ƙi maimaita hasumiya ɗaya sau huɗu yana da ra'ayi a kan fasaha, ko bai taɓa faɗinsa a taro ba.

Rumfunan gidan tarihi

Yamai ba tsohuwar masarauta ba ce irin Damagaram ko Agadas. Ƙauyuka ne a bakin kogi da Faransawa suka mayar hedkwatar mulki a 1926, don haka babu fadar da ta daɗe tana riƙe da sarkin maƙera da sarkin sassaƙa tana ba su aiki. Gidan tarihi na ƙasa ne ya cike wannan gurbi. An buɗe shi ranar 18 ga Disamba 1959, da ƙoƙarin Bubu Hama, wanda gidan ke ɗauke da sunansa a yau, da Pablo Toucet, shugabansa na farko. Toucet bai so wurin ya tsaya ga ajiye tsofaffin kaya ba. An gina irin gidajen ƙabilun ƙasar, an kawo namun daji, an kuma kafa rumfuna inda masaƙa, dukawa, maƙera da masassaƙa daga sassa daban-daban suke aiki a gaban jama'a, ana sayar da abin da suka yi a nan cikin gidan.

Wannan tsari ya juya tunanin masu sana'a. Maƙerin Ayar ya zauna kusa da baduku Bahaushe da masaƙi Bazabarme, kowa yana leƙen aikin wani. Aiki ya zama abin kallo, ana tsayawa a kansa ana tambaya, mai yi ya koyi bayyana dalilin kowane tsagi. Mafi girma, an ɗora wa sana'a nauyin wakiltar ƙasa. Alamar azurfa ta Agadas, wadda Turawa ke kira kuros, da ƴan'uwanta da aka jera su 21 aka danganta da garuruwa irin su Tawa, Ingal da Damagaram, ta tashi daga adon wuya ta zama tambarin Nijar. Tun daga lokacin, in aka tambayi masassaƙi me yake nufi da aikinsa, amsar da ta fi saurin fitowa ita ce yana nuna al'adar ƙasa ne, yana adana abin da ke shirin ɓacewa: mai daka, mai jan ruwa a rijiya, ayarin gishirin Bilma, ƴan kokawa. Amsar gaskiya ce, amma koyonta aka yi, kuma a wannan gida aka fara koyar da ita. Farin 1973 da na 1984 sun ƙara koro maƙeran arewa zuwa birni, suka cika shagunan unguwar Shato da ƙauyen masu sana'a na Wadata, amsar ta bi su can.

A rumfunan masu zubin tagulla ake ganin yadda hanyar aiki take gina tunanin mai yi. Da kakin zuma ake fara siffar. Ana murza shi a yatsu kusa da garwashi don ya yi laushi, a ja ƙafar doki, a naɗa rawani da siririn zaren kaki, a tsaga ido da tsinke. Sai a shafe ta da laka mai laushi, a bi da wata mai kauri da aka cuɗa da kashin jaki, a bar ƴar kafa. In ta bushe a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye ya bar gurbinsa. A nan ake zuba narkakkiyar tagulla, wadda yawanci tsofaffin kawunan famfo ne da kwaɗo da makullai da aka tsinto a kasuwar Katako. Bayan ta huce sai a fasa lakar da guduma. Kakin ya tafi, lakar ta fashe, saboda haka ba a samun biyu iri ɗaya, kuma aikin kwanaki yana iya tashi a banza in iska ta maƙale a ƙafa ɗaya ƙarfen bai kai ba. Tsakanin zubawa da fasawa gwaninta ta gama nata, sai jira, shi ya sa mai zubi ba ya cika baki a kan aikin da bai fasa ba. Gwani a wurinsu shi ne wanda aikinsa ya fito daga laka ba ya bukatar magagari da yawa.

A cikin Katako ɗin akwai masu zuba tukwanen sanholo daga gwangwanaye da tsofaffin kayan injin mota. Su a cikin yashi suke danna tsohuwar tukunya su ɗauki gurbinta, don haka suna iya fitar da ɗari iri ɗaya. Wutar ɗaya ce, burin ne ya saɓa.

Mai saye

Shekaru da dama masu sayen siffofi a Yamai baƙi ne: ma'aikatan ofisoshin jakadanci, na ƙungiyoyin agaji, da ƴan yawon buɗe ido masu hanyar Agadas. Abin da suke so ya shiga jikin aikin. Girma ya tsaya iya abin da akwatin tafiya zai ɗauka. Farin itace ya sha man takalmi don ya yi baƙi wuluk. Raƙumin dawa ya zama sarkin rumfa, domin na Kure, wajen kilomita 60 daga birnin, su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma, kuma a 1996 sun ragu har zuwa wajen 50 kafin a farfaɗo da su. Har fuskokin katako irin na Dogon da Bawule ake jerawa, alhali ba al'adar Nijar ba ce, don baƙo ya zo da nasa tunanin abin da Afirka take sassaƙawa.

Masassaƙa sun san bambancin sarai. Suna raba aikin kasuwa, wanda yara ke fitarwa da yawa, da aikin da maigida ke yi da hannunsa in an ba shi oda ko in yana son ya nuna wa ƴan'uwansa masu sana'a inda ya kai. Na biyun ba ya saurin sayuwa, wani lokaci yakan shekara a bayan rumfa, amma da shi ake auna mutum.

Wannan kasuwa ta yi ta tsukewa: tawayen arewa na 2007, sace Faransawa biyu a tsakiyar Yamai a Janairun 2011, kisan da aka yi a Kure a Agustan 2020, sannan ficewar baƙi da yawa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Wanda ya rage shi ne ɗan ƙasa, kuma bukatarsa daban ce. Ofis yana son kyautar ban kwana ga shugaban da aka canja wa wurin aiki, masu shirya gasa suna son kofi, otal yana son adon zaure. Taswira, tuta, takobi da suna a rubuce sun fi tafiya a nan fiye da mace mai tulu.

Masu sa hannu

Tun wajen shekarun 1980 aka samu wani rukuni da ke kallon kansa daban da masu rumfa, wato masu sa hannu a kan aikinsu, su raɗa masa suna, su kai shi zauren nuni. Isufu Lankonde yana cikin sunayen da suka fi fitowa in ana maganar sassaƙar zamani a Nijar. Zauren da ya fi karɓar irin wannan aiki a da shi ne cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke daura da gidan tarihi, wadda ta daɗe tana amsa sunan Jean Rouch. A wurin wannan rukuni maimaita abu aibi ne. Burin shi ne a ga aiki a san na wane ne ba sai an duba suna ba, kuma aikin ya ce wani abu a kan fari, ƙaura, halin mata ko mulki.

Misalan da suke kallo na maƙwabta ne. A Lawongo, kusa da Wagadugu, Siriki Ky ya fara tara masassaƙa daga ƙasashe daban-daban a 1989, suna sassaƙa duwatsu a inda suke a daji. Usman Sow na Senegal, wanda ya shafe shekaru yana aikin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi a asibiti kafin ya koma sassaƙa gaba ɗaya, ya jera manyan siffofinsa a kan wata gada a Paris a 1999, kuma sanin jikin ɗan Adam da ya samo daga tsohon aikinsa shi ne ƙarfinsu. A Benin, Romuald Hazoumè ya mai da jarkokin fasa-ƙwaurin fetur fuskoki. A Disamban 2005, da Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci, sassaƙa tana cikin fannonin da aka yi gasa a kansu, masu aikin gida suka ga na waje ido da ido.

Tarkacen ƙarfe ya dace da wannan rukuni ta fuska biyu. Yana da arha a garin da itace ya yi tsada, kuma sarƙar babur ko bututun hayaƙi suna zuwa da nasu labarin, mai kallo ya gane abin da suke a da. Wani abin sha'awa shi ne aikin walda da ya fi kowane suna a Nijar ba a zauren nuni yake ba. Da wata mota ta kaɓe Itacen Tenere a 1973, wanda ya yi suna don babu wani itace kusa da shi a tazarar ɗaruruwan kilomita, aka ɗauko gangar jikinsa aka kawo gidan tarihi na Yamai, a gurbinsa kuma aka kafa wani na ƙarfe da aka haɗa da bututu da tarkace. Manufar masu shi ba ta wuce matafiya su ga alama ba.

Cibiyar al'adun nan ta Jean Rouch an sauya mata suna a 2024 zuwa na Mustafa Alasan, mai shirya fim da ya rasu a 2015. Shi ma yana da gurbi a wannan labari, domin da hannunsa yake ƙera ƴan tsanan da yake ɗauka hoto bayan hoto har su motsa, kwaɗi da hawainiya suna kokawa a fage. Dabbobin sun ba shi damar yi wa masu mulki da jama'a shaguɓe ba tare da ya siffanta fuskar kowa ba.

Aikin fili

Wanda ya zaga Wagadugu ko Bamako sannan ya zo Yamai zai lura mutum-mutumin mutane ba su da yawa a shataletalen birnin. Hukuma ta fi karkata ga ginshiƙi, alama da allon tunawa. A Oktoban 2024, da aka sauya sunayen wasu tituna da dandali na zamanin mulkin mallaka, an cire hoton hafsan Faransa Monteil da ke jikin wani dutsen tunawa, aka maye gurbinsa da allo mai ɗauke da hoton Thomas Sankara. Shafaffen hoto ne ya gaji shafaffen hoto.

Abin da ya faru a maƙwabta ya nuna irin rigimar da babbar siffa ke jawowa. A Dakar, limamai sun soki katafaren mutum-mutumin Farfaɗowar Afirka da wani kamfanin Koriya ta Arewa ya gina aka buɗe a 2010, masu fasahar ƙasar kuma suka yi ƙorafin an tsallake su. A Wagadugu, mutum-mutumin tagulla na Sankara da aka buɗe a Maris 2019 jama'a suka ce bai yi kama da shi ba, dole aka sauke shi aka gyara aka sake kafawa a Mayun 2020. A aikin fili kama ita ce sharaɗin farko, alƙalan kuma dubban mutane ne da suka san mamacin da idonsu, ga kwamitin da ya biya kuɗi yana da nasa ra'ayi a kan tsayi da tufafi da inda hannu zai nuna.

Rashin irin wannan oda a Yamai ya sa yawancin masassaƙanta suna tunani ne da girman abin da za a ɗora a tebur ko a jingina a kusurwar zaure. Zubin siffa mai tsayin mutum yana bukatar tagulla mai yawa, babbar tukunyar narki da mataimaka, kuma ba a shiga wannan kashe kuɗi sai da mai saye a hannu. Wanda yake da burin babban aiki yakan nemi gayyata zuwa Lawongo ko baje kolin fasaha na Dakar da ake yi duk bayan shekara biyu, ko kuma ya koma ga ƙarfe da walda, inda ake iya ƙara tsayi gaɓa-gaɓa gwargwadon tarkacen da aka samu a Katako.